Ta ina yaro ke fara koyon kalangu?

Malam, ka yi tambaya kan ɗanka mai son kiɗa: ta ina zai fara, kuma sana'ar na ci da mutum?

A gidajen makaɗa ba a miƙa wa yaro babban kalangu da fari. Kuntuku, wata 'yar ƙaramar ganga mai raka kalangu, ake rataya masa, ya riƙe bugu ɗaya tak yana bin manya gidan biki da filin dambe. Nan kunnensa ke nuna. In ya daina kuskure sai a ba shi ɗan karɓi, wato ƙaramin kalangu.

Wahalar tana hammata. Matsa tsirkiya da sakinta ne ke sa kalangu magana, kuma sai ya haddace taken mahauta da na 'yan dambe, don wanda aka kaɗa wa take ba daidai ba ko sisi ba zai bayar ba. Saurari kalangan da ke bayan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ka ji yadda suke amsa masa.

Abinci kuwa akwai, amma na kaka ne da lokacin bukukuwa, don haka kada ya bar makaranta. Ranar da ya iya ɗaure fata da kansa, shi ma za a kawo masa yara.