Tambayoyin Masu Karatu: Har Yanzu Cin Kifin Teku Lafiya Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina ɗauke da juna biyu na wata huɗu, kuma kifi ne abin da raina ya fi so a wannan lokaci. Kwanan baya maigidana ya shigo da labarin cewa teku ta gurɓace, wai akwai guba da ɓurɓushin roba a jikin kifi, ya ce in dakata da ci har sai na sauka. Ita kuwa ma'aikaciyar jinyar da ke yi mini awo cewa ta yi in ƙara yawan kifi a abincina. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sauke ki lafiya. Maganar ma'aikaciyar jinya za ki ɗauka, amma kada ki yi watsi da ta maigida, domin abin da ya ji yana da tushe, sai dai an ba shi labarin ne a dunƙule, an haɗa kifayen duniya duka an yi musu kuɗin goro.

Gubar da ake nufi ita ce zaiba, ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa da ake gani a cikin tsofaffin ma'aunan zafin jiki. Tana tashi sama ne daga ƙona kwal a masana'antu da tashoshin lantarki, da kuma wajen ƙananan masu haƙar zinari da ke amfani da ita wurin tace shi, sannan ta sauko tare da ruwan sama ta shiga koguna da tekuna. A can ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke juya ta zuwa wani nau'i da ke maƙalewa a naman kifi. Ƙaramin kifi yana ɗaukar kaɗan, babba ya haɗiye ƙanana masu yawa ya tara nasu a jikinsa, wanda ya fi shi girma kuma ya haɗiye shi, ta yadda kifin da ya fi daɗewa a duniya yana farautar 'yan uwansa shi ne ya fi kowa tara zaiba. Duniya ta ga munin wannan guba a garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'antar sinadarai ta shafe shekaru tana zubar da dagwalonta a gaɓar teku, har aka riƙa haihuwar jarirai da lalatacciyar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai tsanani ba. Da sunan garin aka kira yarjejeniyar rage amfani da zaiba da ƙasashe suka sa wa hannu a 2013, wadda ta fara aiki a 2017.

To, abin da ya shafe ki shi ne zaɓi. Hukumomin abinci da na muhalli a Amurka sun shawarci mai ciki da mai shayarwa su ci tsakanin giram 225 zuwa 340 na kifi mai ƙarancin zaiba a kowane mako, wato ci biyu ko uku ke nan, su kuma nisanci manyan mafarauta irin su shak, da kifi mai bakin takobi, da malin, da nau'in tuna mai manyan idanu. Waɗanda aka yarda da su sun haɗa da sadin, da samon, da herin, da karfasa, da tarwaɗa, da jatan lande, kuma abin lura shi ne yawancinsu ƙanana ne ko masu gajeren rai. Kada ki dogara da wuta a nan, domin suya ko dahuwa ba ta fitar da zaiba, tunda a cikin tsokar take.

Dalilin da ya sa ban goyi bayan daina ci gaba ɗaya ba shi ne asarar da ke tattare da hakan. Kifi mai maiƙo yana ɗauke da kitsen omega-3, wanda ƙwaƙwalwa da idanun ɗan tayi ke ginuwa da shi, ga aidin mai hana maƙoƙo, ga bitamin D da B12, ga sinadarin gina jiki mai sauƙin narkewa. A 2010 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka zauna suka auna amfanin kifi da haɗarinsa, suka kuma tabbatar da cewa a yawancin nau'o'in kifi amfanin ya rinjayi haɗarin, har ga mai ciki. Game da ɓurɓushin roba kuwa, gaskiya ne ana samun sa, amma galibinsa a hanji da tumbin kifin yake taruwa, waɗanda dama ana cirewa kafin a ɗora tukunya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na taɓa cin kifin tuna da aka soya sosai, amma ko rabin awa ba a yi ba fuskata ta yi zafi, jikina ya kama ƙaiƙayi, kaina ya riƙa sarawa. Shin jikina ne ba ya jituwa da kifi?

Amsa: Barka kadai, Malam. Likita ne zai tantance maka bayan gwaji, amma yadda ka kwatanta abin ya fi kama da gubar kifin da ya sha zafi kafin a dafa shi, musamman idan ka saba cin irinsa a baya ba tare da wata matsala ba. Kifaye irin su tuna da makarel idan aka bar su ba ƙanƙara bayan an kama su, ƙwayoyin cuta kan samar da wani sinadari mai suna histamin a namansu, shi kuwa wannan sinadari ba ya jin wuta, kuma sau da yawa kifin ba ya ma yin wari balle mai saye ya farga. A ganina wannan ne haɗarin da ya fi kusa da mai cin kifi a yau da kullum, fiye da zaibar da ake ta yayatawa, domin ita sai ta shekara tana taruwa, shi kuwa kifin da sanyi ya yanke masa a hanya, a ranar yake kwantar da mutum.

Saboda haka ka duba kifi kafin ka biya: idonsa ya kasance garau, tsokarsa ta dawo daidai idan ka danna ta da yatsa, kuma ya kasance a kan ƙanƙara ko cikin firji. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi, ka bar shi. A dafa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin salshiyos, lokacin da tsokar ke yin fari tana rabuwa cikin sauƙi. Kawa da danginta masu ɓawo sun fi buƙatar taka-tsantsan, saboda tace ruwa suke yi su ci, suna tara duk ƙwayar cutar da ke cikinsa, har da mai haddasa ciwon hanta nau'in A, don haka mai ciki, da mai ciwon hanta, da mai ciwon suga, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada su ci su ɗanye. Idan kuwa wata rana ka ci kifi ko ƙaguwa ko jatan lande ka ji leɓɓanka sun kumbura ko numfashi yana yi maka wuya, wannan ba abin jira ba ne, sai asibiti nan take.

Tambaya: Malam, na ji an ce kifin da ake kiwo ba shi da amfani kamar na teku. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, Malam. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona sun nuna cewa a 2022, karo na farko a tarihi, abin da aka samu daga kiwo ya zarce wanda masunta suka kamo, ke nan da yawa daga cikinmu kifin kiwo muke ci ko mun sani ko ba mu sani ba. Sau da yawa ma zaibarsa ba ta kai ta manyan kifayen teku ba, saboda ana kwashe shi yana da ƙuruciya. Ingancinsa ya rataya ne a kan tsabtar ruwan da aka rene shi, da irin abincin da aka ba shi, da kuma ko mai kiwon ya jira maganin kashe ƙwayoyin cuta ya fita daga jikin kifin kafin ya kai shi kasuwa.