Tambaya da Amsa: Talauci ne ke kawo yawan haihuwa, ko yawan haihuwa ne ke kawo talauci?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a raba mana gardama. Ƙawayena sun ce yawan haihuwa ne ke hana ƙasa ci gaba, ni kuma na ce ai talaucin ne ma ke sa a yi ta haihuwa. Wa ke da gaskiya? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ke kin fi kusa da gaskiya, amma su ma ba shirme suka yi ba.

Kin ga, inda yara ke yawan mutuwa tun suna goye, babu asibitin kirki babu rigakafi, iyaye ba za su tsaya kan biyu ba don ba su san wanda zai rayu ba, ga shi kuma babu fansho, ɗanka ne fanshonka in ƙarfi ya ƙare. A gona yaro hannu ne, a birni kuwa kuɗin makaranta ne da na haya. Sannan yarinyar da ta gama sakandare ta samu aiki, aurenta kan ɗan jinkirta, haihuwar ma haka. Shi ya sa da arziki ya fara shigowa sai ki ga haihuwa ta ja baya da kanta. Bangaladash a 1970 mace ɗaya kan haifi wajen 7, yanzu wajen 2 ne, tun ƙasar ba ta yi wani kuɗin a zo a gani ba, karatun mata da ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida da masana'antun ɗinki suka taimaka sosai.

Ɗaya ɓangaren kuma, wato na ƙawayenki, in haihuwa ta ragu masu aiki kan fi waɗanda ake ciyarwa yawa, sai a samu rarar ajiya da ta ilimi. Koriya ta Kudu ta ci wannan moriyar, a 1960 mace ɗaya kan haifi wajen 6, daga baya haihuwar ta ragu. Amma fa sai in akwai aikin yi, in babu masana'antu babu wuta, matasan zaman kashe wando kawai za su yi.

Kuma abin na iya wuce gona da iri. Ana buƙatar kusan 'ya'ya 2.1 ga kowace mace a matsakaicin lissafi kafin al'umma ta maye gurbin kanta, Koriyar nan a 2023 ta faɗo 0.72, makarantu na rufewa tsofaffi na ƙaruwa. China da ta tilasta ɗa ɗaya shekara da shekaru, a 2021 ta ce a haifi 3, mutane suka yi kunnen uwar shegu, a 2022 yawansu ya fara raguwa.