Amsa: Takalmin da ya dace da babur kirar kuruza

Ɗan'uwa, ka ce kana neman takalmin da zai kare ƙafa kuma ba zai gajiyar da kai ba a doguwar tafiya. Fara da tsayi: lallai ya rufe idon sawu, da abin kariya mai tauri a ɓangarorin biyu. Kuruza, wato babban babur irin Harley-Davidson, na iya haura kilo 300, idan ya kife a kan ƙafa, idon sawu ne ke fara shan wuya.

Duba cikinsa ko akwai lambar EN 13634. Gwajin Turai ne, yana auna gogar kwalta, yanka, da matsewa daga gefe. A gwajin, mataki na 2 ya fi na 1 ƙarfi. Ka kama takalmin ka murɗa shi kamar mai matse wanki. In ya murɗu da sauƙi, ajiye shi.

Ƙasan takalmi ya zama roba mai jure bakin mai, domin na fata santsi yake yi idan ka sauke ƙafa a danja. Diddige ɗan madaidaici, kamar santimita 2 zuwa 3, shi ke riƙe matakin ƙafa. Bakin takalmi kuwa kada ya yi kauri har ya kasa shiga ƙarƙashin giya. Wannan ne aibin takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki.

Igiyar takalmi tana maƙalewa a giya, gara zif. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake hawa da ita.