Kafin ka canza katin hoto saboda wasan 3D

Malam, ka tambaya ko sabon katin hoto (graphics card na kwamfuta) kadai zai ishe ka wasan 3D mai tabarau. Gaskiya kar ka yi gaggawa. Kowane ido hotonsa daban ake zanawa, aikin katin ya kusa ninkawa kenan, shi yasa wasan da ke gudu lafiya lau sai ka ga yana tsinkewa da ka kunna 3D. Kuma allonka dole ya kai 120Hz, wato ya rika sauya hoto sau 120 a sakan daya, kowane ido ya samu 60, in ba haka ba ciwon kai zaka kwasa wallahi. Nvidia ma, kamfanin da ke kera katin hoto, sun daina tallafa wa 3D Vision, tsarinsu na 3D mai tabarau, tun 2019, direban 425.31 (manhajar da ke tafiyar da katin) ne na karshe da ke aiki da shi, sabbin katuna ba sa aiki da shi kai tsaye. Sannan sabon katin sai da isasshiyar wuta, don haka bude kwamfutar ka duba akwatin wutarta, wat nawa aka rubuta a jiki?