Na sayi "likitan kifi" amma farin ɗigo ya kashe mini tang: wane ras zan ƙaro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300, wata takwas ke nan da kafa shi. Akwai murjani masu laushi (halittun teku da ke manne wa dutse kamar tsiro), da ƙananan kifin ado da ake kira kilawun guda biyu, da wani kifin ado da ake kira tang mai shuɗi guda ɗaya. Kwanakin baya na ga fararen ɗigo a jikin tang ɗin. Mai shago ya ba ni wani ƙaramin kifi daga dangin da ake kira ras, mai baƙin layi daga baki har wutsiya, ya ce shi ne likita, zai cinye cutar, ya haɗa mini da ruwan tafarnuwa. Bayan kwana huɗu ɗigon ya ɓace, na yi murna. Sai ga shi ya dawo fiye da da. Jiya tang ɗin ya mutu, likitan kuma duk ya rame. Hankalina a tashe yake. In ƙaro wani likitan ne? Kuma wane irin ras ne ya dace da murjani?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Kada ka ƙaro wani. Kada ma ka saka sabon kifi ko ɗaya a tankin nan sai bayan wata biyu da rabi.

Abin da aka sayar maka shi ne Labroides dimidiatus, wanda ni nake kira ras wanzami. Yana nan a Bahar Maliya da ke gabanku, yana nan har tekun Indiya da Fasifik. Gaskiya ne a teku yana tsince ƙwari daga jikin manyan kifaye, har cikin bakinsu yake shiga su ƙyale shi. A kan wannan gaskiyar aka gina ƙaryar da na gaji da ji, wai yana maganin farin ɗigo. Kusan kullum sai an kawo mini wannan magana, kuma kusan kullum bayan kifi ya riga ya mutu ake zuwa.

Abin da yake ci a teku, akasari 'ya'yan wasu ƙwari ne da ke maƙalewa a bayan fata suna shan jini kamar kaska a jikin saniya. Suna waje, bakinsa yana kai musu. Alexandra Grutter, wadda ta daɗe tana bincike a tsibirin Lizard na Ostiraliya, ta gano cewa ras wanzami ɗaya kan duba kifi sama da 2,000 a yini, ya ci ƙwari kusan 1,200. Ita kuwa ƙwayar farin ɗigo, Cryptocaryon irritans, huda fata take yi ta shige ƙarƙashinta, fatar ta rufe ta. Farin da kake gani da ido, fatar kifin ce ta kumbura a kanta. Mafi yawan ɓarnarta ma a wurin numfashin kifi take yi, inda ba ka gani. To ta ina zai ciro ta? Shi kansa wanzamin kamuwa yake yi da ita.

Ɓacewar da ka gani bayan kwana huɗu kuwa, ba aikin likita ba ne, ba kuma na tafarnuwa ba. Haka rayuwar ƙwayar take. Tana yin kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi, idan ta ƙoshi ta faɗo ƙasa, ta manne a yashi ko dutse, ta yi wa kanta ɓawo. A cikin ɓawon nan take rarrabuwa, ɗaya ta zama ɗaruruwa. Ranar da ya fashe sai 'ya'yan su fito neman kifi, kuma kwana ɗaya zuwa biyu suke da shi, su samu ko su mutu. A teku yawancinsu mutuwa suke yi don ruwan ya yi musu faɗi. A lita 300 kuwa duk inda suka juya kifi ne. Shi ya sa zuwa na biyu ya fi na farko muni. Mai shago ya san ɗigon zai ɓace da kansa cikin mako, ko ya sayar maka da likita ko bai sayar ba. Idan bai sani ba, bai kamata a ce yana ba mutane shawara a kan rai ba. Idan kuma ya sani, to ya cuce ka. Tafarnuwa iyakacinta ta sa wani kifin ya ɗan ji marmarin abinci. Kwalaben da ake rubuta musu cewa suna kashe cutar ba tare da taɓa murjani ba, ban taɓa ganin wanda ya raba tanki da ita ba.

Akwai kuma haƙƙin shi wanzamin, wanda ba mai tambaya a kai. Kifin da aka halitta yana zagaya dubban kifaye, an kulle shi da uku. Wasu suna koyon cin daskararren abinci su rayu shekaru a babban tanki, amma da yawa ramewa suke yi a hankali har su mutu, kamar yadda naka ya kama hanya. Idan yunwa ta matsa masa sai ya riƙa bin sauran kifayen yana cizge musu yauƙin jiki, wanda bincike ya nuna ya fi so ma a kan ƙwarin. Ka ga ke nan kifin da ke fama da cuta an ƙara masa mai yage masa kariyar fatarsa. Can a tekun da aka ɗauko shi ma an yi asara: a wuraren da masu binciken tsibirin Lizard suka kwashe wanzaman na tsawon shekaru, kifayen sun ragu, wasu kuma ba su kai girman 'yan'uwansu ba. Ɗan'uwansa na Hawai, Labroides phthirophagus, shi kam da wuya ya karɓi abinci a tanki, sayensa kashe shi ne. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ya sa rai a cikin gilashi ya rufe, cinsa da lafiyarsa sun hau wuyansa. Ina so masu shago su ji wannan kafin masu saye.

Yanzu ga abin yi. Ka kwashe duk kifayen, har da wanda ba ka ga ɗigo a jikinsa ba, zuwa tankin killacewa wanda babu dutse babu murjani, sai guntayen bututun roba na ɓuya. A can za ka yi maganin jan ƙarfe. Idan maganin jan ƙarfen da ake kira Cupramine ne, miligiram 0.5 a kowace lita ake nema, amma ras ba ya jure a zuba masa gaba ɗaya, ka kai maganin wannan adadi a hankali cikin kwanaki, kana aunawa da abin gwaji kullum, ka riƙe shi a haka kwana 30. Ka sa ido a kan amoniya, gubar da kashin kifi ke tarawa a ruwa, ka rage ta da canjin ruwa, kada ka haɗa maganin ɗaure amoniya da Cupramine don haɗin guba ne. Ko ɗigo ɗaya na jan ƙarfe kada ya shiga babban tanki, zai kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Shi babban tankin ka bar shi babu kifi kwana 76, domin an taɓa samun ɓawon da ya kai kwana 72 kafin ya fashe. Wanda ya gaji a kwana 40 ya mayar da kifi, aikin banza ya yi. Shi kuma wanzamin, ka riƙa ba shi daskararren maisis (wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande) da aka farfasa ƙanana sau uku ko huɗu a yini, in ya farfaɗo ka nema masa mai babban tanki da kifi da yawa. Tang mai shuɗi kada ka sake saye, yana kai santimita 30, lita 300 ta yi masa kaɗan.

Sai zaɓen ras bayan an gama wannan. Danginsu sun haura iri 600, kuma yawanci ba na tankin murjani ba ne. Ni da zan zaɓa maka, da na ce Halichoeres chrysus, rawayan nan da ba ya wuce santimita 12. Ba shi da faɗa, ba ya taɓa murjani, yana kuma tsince tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi masu cutar da murjanin. Sharaɗinsa yashi mai laushi, zurfin santimita 5 zuwa 8, don a ciki yake kwana. Da yamma za ka ga ya soka kai ya shige, ko alamarsa babu. Sabon zuwa yana iya yin kwanaki a binne, kada ka tona shi, tonon ne ke kashe su. Halichoeres melanurus ma haka yake, sai dai idan ya girma yana iya afka wa ƙananan jatan lande.

Idan launi kake so, ka duba dangin Paracheilinus da Cirrhilabrus. Su a tsakiyar ruwa suke kiwo, ba ruwansu da yashi, da dare su lulluɓe kansu da yauƙi a ramin dutse. Cikinsu ba ya riƙe abinci, sai an ba su kaɗan-kaɗan sau da yawa. Namiji ɗaya kawai daga kowane iri. Ka kuma sani macen ras tana iya rikiɗa ta zama namiji, don haka wanda ya sayi mata biyu yau yana iya wayar gari da faɗa.

Mai layi shida, Pseudocheilinus hexataenia, shi ne aka fi tallatawa don araha da ƙarfin rai. Ƙarami ne amma fitinanne, da zarar ya kama wuri babu wani ras da zai zauna lafiya bayansa. Mai zanen damisa, Macropharyngodon, ka bari sai tankinka ya haura shekara. Coris gaimard da za ka gani ja da fararen tabo yana ƙarami, santimita 40 yake kaiwa, yana kifar da duwatsu. Kuma kowanne ka zaɓa, sai da murfin raga mai ido kamar milimita 6, babu kafa ko a gefen wayar lantarki, domin ras tsalle yake yi idan ya firgita. Kowane sabon kifi kuma ta tankin killacewa zai bi, ko mai shago ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Abu ɗaya ka duba yau ɗin nan kafin ka kwanta. Idan kilawun ɗin suna haki, suna tsayawa a gaban famfon da ke juya ruwan tanki, jikinsu kuma ya yi kamar an barbaɗa masa ƙura maimakon ɗigo da za ka iya ƙirgawa, to wata ƙwayar cuta ce daban, Amyloodinium, wadda ke iya share tanki cikin kwana biyu ko uku. In haka ne kada ka jira gobe, ka kwashe su a daren nan ka fara jan ƙarfen.