Amsa: me ya sa fakiti ke zubewa bayan sa eriya mai fuskantar gefe ɗaya?

Malam, ka ce na'urorinka suna magana da juna kai tsaye ba tashar tsakiya, kuma tun da ka sa musu eriya mai harba sigina gefe ɗaya fakiti, wato ƙunshin bayanan da suke aika wa juna, ke zubewa, hanya na yankewa. Eriyar ba ta da laifi. Tsarin karɓa-karɓa na 802.11, wato ƙa'idar Wi-Fi, ne aka gina bisa zaton kowane maƙwabci yana jin RTS (saƙon neman izinin aikawa) da CTS (amsar ba da izinin).

Ka ɗauka na'ura A ta juya tana magana da na'ura B. C tana bayanta, ba ta ji komai ba, sai ta aika wa A da RTS. A ba za ta amsa ba, kunnenta na wani gefen. Wannan kurumtar ce babbar cutar. C za ta zaci saƙonta ya yi karo da wani, ta ninka tagar jiranta, wato iyakar guraben lokacin da za ta iya ƙirgawa kafin ta sake gwadawa: a 802.11b daga gurbi 31 zuwa 63, zuwa 127, har 1023, kowane gurbi mikirosakan 20. Bayan gwaji 7 ta yar da fakitin, AODV, tsarin da ke nemo wa fakiti hanya, ta ce hanya ta mutu ta shiga neman wata, alhali A na nan lafiya lau. Abin takaicin ma, A na gamawa da B sai ta sake kama layi da ƙaramar taga, C na can tana ƙirga.

Fara da tilasta wa kowace na'ura ta koma sauraron kowane gefe da zarar ta gama aiki, har lokacin da take ƙirgan jira. Sannan ka raba NAV, agogon da ke sa na'ura ta yi shiru in ta ji RTS ko CTS na wasu, kowace kusurwa da agogonta, wato DNAV. In ba haka ba CTS ɗaya daga gabas zai hana ka magana da yamma, ribar eriyar ta tafi.

Akwai masu zagaya RTS sashe bayan sashe, dabarar Korakis da abokansa ta 2003. Tana rage kurumta, amma da sassa 8 sai RTS 8 kafin kowane fakiti. Ban ga amfaninta ga ƙananan fakiti irin na murya ba.

In nisan ya yi yawa, ƙara lokacin jiran ACK, saƙon da ke tabbatar da fakiti ya isa, don kowace kilomita na cin kusan mikirosakan 6.7 zuwa da dawowa. In kuwa na'urorin a kafe suke a kan hasumiya, gara ka bar gasar nan gaba ɗaya ka koma TDMA, inda ake ware wa kowace na'ura lokacin maganarta, kamar Nv2 na kamfanin MikroTik ko airMAX na kamfanin Ubiquiti.