Amsa ga Yaya kan imel ɗin Baba da aka tsare

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari muryarki. Ga waɗanda ba su ji ba, Baba ne ya aika imel zuwa wani kamfani a ƙasar waje da ke sayar da kayan gyaran injin niƙa, nan take sai ga amsa da Turanci, wai an tsare saƙonsa sai ya danna wani wuri ya tabbatar shi mutum ne. Baba ya ce aikin 'yan damfara ne, ya ajiye waya. Shi ne kike tambaya a danna ko a bari.

To da farko, don Allah kada wanda ya yi wa Baba dariya. Tsoronsa yana kan hanya, kuma na fi son dattijo mai irin wannan tsoron a kan wanda duk abin da ya gani sai ya danna. Sai dai akwai na gaskiya a cikin irin wannan saƙo. Wasu mutane da kamfanoni, tarkacen saƙonnin talla da na damfara sun ishe su, sai suka sa wa akwatinsu maigadi. Wanda aka sani ya wuce kai tsaye, baƙo kuwa a tsayar da shi a ƙofa sai ya amsa tambaya. Dabarar ita ce, masu watsa tarkace na'ura ce ke aika musu dubban saƙonni a lokaci guda, babu mai zama ya amsa. Wanda ya amsa, an san mutum ne, sai a saki saƙonsa a sa adireshinsa cikin waɗanda aka yarda da su. Sau ɗaya ake yi, gobe ba za a sake tambayarsa ba.

Abin ba sabo ba ne. Ya yi tashe a Amurka wajen 2003, lokacin da kamfanin intanet na EarthLink ya kawo wa masu amfani da shi, ga kuma Mailblocks, kamfanin imel mai irin wannan maigadi, da kamfanin AOL ya saya a 2004. Kamfanoni irin su Spam Arrest da Boxbe ma sun yi wannan aikin, wataƙila wasunku sun taɓa ganin sunan. Gmail da yawancinmu ke amfani da shi ba haka yake yi ba, da kansa yake tacewa ya jefa abin da bai yarda da shi ba a akwatin Spam, shi ya sa abin ya zo wa Baba a baƙo.

Yanzu yadda za a gane, kuma nan nake so kowa ya kasa kunne, domin 'yan damfara sun iya kwaikwayon wannan saƙo sosai. Tambayar farko, shin Baba ya aika wa mutumin nan saƙo yanzu-yanzu? Na gaskiya yakan biyo bayan saƙonka ne ba da jimawa ba, yana ɗauke da adireshin wanda ka rubuta wa, sau da yawa har da kan maganar da ka sa. Na biyu, kuma shi ne babba: me ake nema? Na gaskiya ba ya wuce a ce ka danna, ko ka mayar da amsa, ko ka kwafi wasu karkatattun haruffa da ke cikin hoto. Shi ke nan. Ba ruwansa da kalmar sirrinka ta imel. Ba ruwansa da BVN, ko lambar katin ATM, ko lambar nan da banki ke turowa ta waya. Da zarar shafi ya buɗe ya ce ka sa kalmar sirri, ko ya ce za a rufe maka akwati yau in ba ka yi ba, ko ya ce ka sauke wani abu a waya, to a fita, ba sai an yi shawara da kowa ba.

Yaya, in kin je, don girman Allah kada ki karɓe wayar ki latsa ki mayar masa. Mu yara haka muke yi saboda sauri, gobe kuma abin ya sake zuwa ba ma nan. Ki zauna kusa da shi, ki fassara masa da Hausa, wayar tana hannunsa. Ki buɗe masa wurin saƙonnin da ya aika ya gwada adireshin da idonsa. Haruffan nan karkatattu kam ki taimaka masa, ko mai lafiyar ido suna ba shi wuya, akwai kuma wurin da ake dannawa a sauya wasu. Sannan a littafin da yake rubuta lambobin waya, ki rubuta masa layi ɗaya da manyan baƙaƙe, cewa ba a ba kowa kalmar sirri. In ya riƙe wannan kaɗai ma an rage haɗari mai yawa.

Kada a ja lokaci, domin galibi saƙon da aka tsare ana share shi bayan wasu kwanaki. In kuma hankalinsa bai kwanta ba, ba dole. A kira kamfanin ko a yi musu magana ta WhatsApp a lambar da aka san tasu ce, a ce su saki saƙon su sa adireshin Baba cikin waɗanda suka yarda da su. Ku 'yan neman makaranta a waje ma ku ji, in kun rubuta an yi shiru, ku leƙa akwatin Spam, wani lokaci tambayar tana can kwance kuna zaton an share ku ne.

Na ji Kawu yana cewa a sa wa akwatin Baba irin wannan maigadi shi ma ya huta. Kawu, a gafarce ni, ni ban goyi baya ba. Saƙon banki, rasit, tikitin jirgi, saƙon JAMB na yara, duk na'ura ce ke aiko su, ba za ta amsa tambaya ba, sai su maƙale Baba bai sani ba. Abokan cinikinsa kuma da yawa za su tsorata kamar yadda ya tsorata, su tafi wurin wani.

Saura abu ɗaya. Wata rana zai iya ganin irin wannan tambayar daga wanda bai taɓa rubuta wa ba. Masu tarkace sukan ari adireshin mutum su liƙa a saƙonsu, sai tambayar ta dawo wa marar laifi. Wannan kada ya amsa, in ya amsa ya buɗe wa tarkacen ƙofa ne zuwa akwatin wani. Ya goge kawai. Amma Yaya ki duba wurin saƙonnin da aka aika, in kin ga wasu da ba shi ya rubuta ba, to an shiga akwatin, a sauya kalmar sirri a ranar, ki kira ni mu yi tare.